Hoton Ƙirji a WhatsApp: Ajin da Waya Ta Buɗe Tsakanin Gobir da Sakkwato

A Sabon Birni ko Isa, idan aka ɗauki hoton ƙafar wanda babur ya kayar, ko ƙirjin dattijon da tari ya ƙi saki, ba a cika samun ƙwararren likitan hoto kusa ba. Sai ma'aikacin asibiti ya kara fim ɗin a taga, hasken rana ya ratsa shi, ya ƙyasta da wayarsa, ya tura wa tsohon malaminsa a Sakkwato ta WhatsApp: "Ranka ya daɗe, a taimaka a duba mana wannan." Wani lokaci kafin la'asar amsa ta iso.

Larura ce ta haifi wannan ɗabi'a. Ƙwararrun sun taru a manyan wurare irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wasu kuma sun bar ƙasar. Ga 'yan bindiga sun tare hanya. Duk wanda ya tuna motar fasinjan da aka ƙone da mutanenta a yankin Sabon Birni cikin Disambar 2021 ba zai tura mai karaya birni don a karanta masa hoto kawai ba.

Ribar da na fi gani ta ilimi ce. Malami kan zana da'ira a inda ciwon yake, ya biyo da saƙon murya yana bayanin abin da ya bambanta tarin fuka da ciwon sanyin haƙarƙari. Da haka ƙaramin ma'aikaci ke koyon karatun hoto a kan marasa lafiyar garinsu. Ɗalibai kuma na kwana a YouTube da Radiopaedia, taskar hotunan da wani likita a Ostireliya ya kafa a 2005.

Sai dai hoton hoto ba ya kai na asali. WhatsApp kan matse shi, hasken taga ya dishe shi, siririn tsagin ƙashi ya ɓace. Likitan da bai taɓa jikin majinyaci ba, zai iya cewa lafiya lau, a sallami mutum ya ƙare wurin mai ɗori da ƙafar da ke neman tiyata. Akwai kuma maganar sirri, wadda ta fi damuna. Sunan mai hoto yakan fito a gefen fim, kuma garuruwan nan kowa ya san kowa. Sikanin cikin mace ya faɗa zauren da bai dace ba, aure na iya mutuwa a kai. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana nan, amma kafin ta yi aiki sai ma'aikaci ya saba rufe suna da yatsa.

Ajin kansa a kan sabis yake tsaye. Da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato a Satumbar 2021, har da Sabon Birni da Isa, sai da mutane suka riƙa matsawa iyaka suna laluben layin Nijar.

Bincike kuwa shi ya fi asara. Hotunan raunin harsashi da na tarin fuka daga ƙasar Gobir suna watse a wayoyin mutane, babu shekarun majinyaci, babu labarin yadda jinya ta ƙare. Ranar da waya ta cika, ko aka ƙwace ta a hanya, sun tafi ke nan.