Ranar Zuba Dakin

Mai son sanin halin da zuciyar lebura take ciki a Jos, ya je wurin gini ranar zuba dakin, a Rayfield ko Bukuru. Kankare ba ya jira. Da an tayar da injin kwaɓa da asuba, babu tsayawa sai an rufe saman ginin, ko da dare zai raba. Samari na hawa da sauka da kwanon sarki a ka, sanyin Filato na ratsa ƙashi. A irin wannan rana tramol yake ciniki.

Sai ka ji dattawa na cewa ai iskancin yaran zamani ne. Haba! Wane nishaɗi ne a ƙarƙashin kwanon kankare? Ƙwayar tana danne ciwon baya da na gwiwa, yaro ya sha don ya kai ga kuɗin yini. Bayan 'yan watanni, in bai sha ba barci ya ƙaurace masa, gaba na faɗuwa, rai a ɓace, faɗa da kowa. Nan kuma a sake wata fassarar, a ce sammu ne ko aljanu, a yi ta hayaƙi. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan 2018 ya ce 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne ke shan ƙwayoyi. Duk sammu aka yi musu?

Garin nan ya daɗe da sanin aikin da ke cin mutum. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuzarta, sai aka shiga "ɗiban gwamna": aka kwaso talakawa daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza ala tilas, har 1944. Da yawa sun mutu da sanyi da yunwa, musamman a aikin madatsar Tenti. Waɗanda suka gudu, malalata aka kira su.



A ganina, taimakon yana hannun foman da ɗan kwangila tun kafin a kai ga likita. A raba ranar dakin gida biyu, wasu su karɓi wasu. A ba da abinci da ruwa. A biya mutum haƙƙinsa a ranar, ban da "dawo jibi". Wanda aka ga ya canza, a ja shi gefe, in ta kama a raka shi sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ba a sallame shi ba.

Doka kam akwai. Ta diyyar ma'aikata ta 2010 ta amince da damuwar da aiki ya haddasa, kuma a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Sai dai diyyar ta hannun hukumar NSITF take fitowa, shi kuwa leburan yini, da wuya ka ga sunansa a wata takarda in ba littafin foman ba.