Laulayin Ƙaramin Ciki: Me Ya Kamata Mace Ta Sani?

Watanni ukun farko su ne lokacin laulayi: tashin zuciya, kasala, yawan tofar da yawu, har ƙamshin miyar kuka ya zama abin gudu. Cin abinci kaɗan-kaɗan yana rage shi.

Al'adar ɓoye ciki sai ya fito tana jinkirta awo, alhali tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara cikin makonni 12 na farko. A wurin awon ake ba da maganin ƙarin jini.

A garin Mahuta da damina, sauro ne babban abokin gaba, don haka a kwana cikin gidan sauro. A nisanci maganin feshin gona da jiƙe-jiƙe.

In an ga jini, zazzaɓi ko matsanancin ciwon mara, a garzaya asibiti, ko da sai an kai Funtua ko Malumfashi.