Sanda ko Igiya: Yadda Ake Ɗora Hofs

Hofs tsiro ne mai yaɗo na ƙasashen sanyi, wanda furen macensa ke ba giya da wasu lemukan malt ɗaci da ƙamshi. Wasu kuma suna dafa shi kamar shayi don barci. Yana son doguwar rana irin ta bazarar Turai, shi ya sa gonakinsa suka taru a Hallertau ta Jamus, da Kent ta Ingila, da kwarin Yakima a Amurka. Duk shekara ganye da kara su mutu da sanyi, saiwa ta kwanta a ƙasa, ta sake toho idan sanyi ya wuce. Daga nan zuwa watan Yuli yakan haura mita 6, wani lokaci tsawon tafin hannu ko fiye a yini guda. Mai son shuka shi a bayan gida dole ya tanadar masa abin hawa tun kafin ya leƙo.

Tsohuwar hanya ita ce sanda, kamar dai yadda manomin doya ke kafa wa kowane tudu tasa. Manoman Kent sun yi ƙarnuka suna sare dogayen sandunan itacen cesnat, su kafa biyu ko uku a gindin kowane tsiro. Sauƙinta a fili yake: rami, sanda, shi ke nan. Ba waya, ba ƙusa, ba hawa tsani.

Wahalar tana zuwa ne ranar girbi. Furen yana can sama, inda hannu ba ya kaiwa, don haka sai an yanke karan tun yana ɗanye, a tumɓuke sandar da kayanta, a kwantar. Yankan wuri yana hana ganye mayar da abinci cikin saiwa, tsiron ya fito da rauni a shekara mai zuwa. Ga gindin sandar da ke ruɓewa a ƙasa mai laima, ga iska, wadda ba ta raga wa sandar da ta ɗauki nauyin ganye jiƙaƙƙe.

A wajajen 1875 aka fara ɗaura waya bisa turaku a Kent, ana sauko da igiya daga wayar zuwa gindin tsiro. Masu ɗaurin har kan dogayen ƙafafun katako suke tafiya tsakanin layuka, abin kallo a lokacin. Yau a Hallertau wayar takan kai kimanin mita 7.

Dalilin da igiya ta yi nasara yana jikin tsiron kansa. Hofs ba shi da 'yan zaren kamu irin na inabi ko kabewa. Karan ne da kansa yake nannaɗewa, kullum ta ɓangaren da hannun agogo ke bi, yana maƙalewa da ƙananan gashi masu ƙugiya. Abu siriri mai kaushi yake so, shi ya sa igiyar ɓawon kwakwa ta fi komai karɓuwa. Ba shi bututun ƙarfe mai santsi, ya zame. Nannaɗa shi ta ɗaya ɓangaren, ya warware kansa. Kuma ba duk tohon ake bari ba: biyu ko uku masu ƙarfi a kowace igiya, sauran a yanke.

Sai dai igiya ba ta tsayawa da kanta, kuma nan masu yabonta sukan yi shiru. Tana bukatar abin ratayawa a sama, mai ƙarfin ɗaukar nauyi. Wanda gidansa ke da bene ko doguwar katanga mai fuskantar rana ya huta: ƙugiya a ƙarƙashin rufi, igiya ta sauko. Wanda ba shi da su sai ya koma ga turke, ko ya so ko ya ƙi.

A ganina mai tsiro biyu ko uku ya kafa turke guda mai ƙwari, ya sa zobe a kansa, ya zura igiyoyi su sauko a karkace zuwa kowane gindi. Ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, idan furen ya fara bushewa yana zubar da garinsa rawaya, sai ya sassauta igiyar, ya tsinke a tsaye, ya sake ja ta sama, ganyen ya ci gaba da ciyar da saiwa har sanyi ya kashe shi.