Karofin Kura da Masu Yanka Fuloti

Yau shirin namu ya yada zango a Kadawa, kusa da Kura, ƙasar noman rani da ke shan ruwan madatsar Tiga tun shekarun 1970. Duk wanda ya bi titin Zariya ya ga shinkafa kore shar, ya ga kwandunan tumatir a Kwanar Gafan. Arziki ya shigo, injinan casa sun yawaita, ƙasa ta yi tsada, ko'ina ana yanka fuloti.

To amma kafin shinkafa, da rini aka san Kura. Daga nan rawanin Ɗan Kura da turkuɗi suke fita, fatake su kai wa Buzaye har Agadas. Kuma sana'ar ba a ramin karofi kaɗai take ba. Sai da filin shanya, sai da rumfar masu bugu, sai da rijiya a kusa. Idan aka bar ramin amma aka gina shaguna a filin shanyar, an kashe marinar ke nan, ko da ba a zuba mata ƙasa ba. Abin da masana suka tsayar a birnin Venice na Italiya tun 1964 ke nan: wurin tarihi da abin da ke kewaye da shi tare ake kare su.

Birnin Kano ya ishe mu misali. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa ta shiga jerin share fage na hukumar UNESCO a 2007, duk da haka ana ɗibar ƙasarta, ana gini a kanta. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi. An sake gina wata, amma ta kaka da kakanni ta tafi.

Kura tana da sauran dama. Muna roƙon hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, da ƙaramar hukuma, su zauna da hakimi da masu unguwanni da dattawan marina, a rubuta kowane karofi da ya rage, a shata masa iyaka a taswira kafin a ba da takardar gini. Sabon titi ya zagaye shi, magudanar ruwa ta kauce masa, bene kada ya tare masa rana, domin marini da rana yake shanya.