Makarantar Tsakar Gida: Inda Mata Ke Koyon Kiɗan Ƙwarya Da Shantu

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa da zarar maza sun watse daga wurin ɗaurin aure, to, sauran sha'anin biki na mata ne a cikin gida. A nan ne ake kifa ƙwarya, a ɗauko shantu, a shiga kiɗa da waƙa har dare ya raba. Abin tambaya shi ne, a ina matan nan suka koyi wannan fasaha, alhali kuwa ba a taɓa buɗe musu makaranta ba?

Makarantarsu ita ce tsakar gida, darasin farko kuwa shi ne lugude. Mata biyu ko uku su kewaye turmi guda, kowace taɓarya tana sauka a lokacinta, wata ma ta cilla tata sama ta tafa kafin ta cafe. Wadda ta kuskure lokaci, sai taɓare su yi karo, a yi mata dariya. Yarinyar da ke goye tana jin wannan amo tun kafin ta iya magana. Idan ta tasa ta fita dandali, gaɗa da tafi su ƙara saita mata hannu.

Daga nan sai shantu, watau dogon duma siriri wanda aka rarake, aka bar shi a buɗe sama da ƙasa. Mai kiɗa tana zaune, tana buga gindinsa a cinya, tana rufe bakinsa da tafin hannu tana buɗewa, ta haka amon yake sauyawa. Budurwa takan koya daga yayarta ko ƙawayenta, musamman a zaman ɗakin amarya.

Kiɗan ƙwarya, wanda ake kira amada, ya fi wuyar koyo domin na ƙungiya ne. Akan kifa wasu ƙoren a ƙasa, a kuma zuba ruwa a babban mazubi a kifa wata a kai, iskar da ta maƙale a ciki ita ke ba da amo mai kauri. Galibi mai koyo takan fara ne da ɗaukar kaya da amshi, tana kallon hannun manya, har ranar da uwar ƙungiya za ta ce, “Matso ki riƙe mana wannan.” Daga irin wannan zaman ne aka sami gwanaye kamar Hajiya Uwaliya Mai Amada ta Kano, da Hajiya Sa'adatu Barmani Choge, 'yar Funtuwa, wadda ta rasu a 2013.

To, amma yau ginshiƙan makarantar nan suna zubewa. Injin niƙa ya rage wa turmi aiki, dandali ya mutu a unguwanni da yawa na birane, a gidan biki kuma sau da yawa na'ura ce ke yin kiɗa, mata na rawa kawai. Yarinyar da ba ta ji lugude ba, ba ta yi gaɗa ba, ina za ta sami hannun ƙwarya?

Ya kamata mu ɗauki darasi daga bandiri, wato gangar nan mai faɗi da fata a fuska ɗaya, wadda ta zo mana daga Arewacin Afirka. 'Yan Ƙadiriyya ke buga ta wajen zikiri, ta kuma bunƙasa ƙwarai a Kano zamanin Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996. Yaro yakan zauna kusa da manya a zawiya yana sauraro, har a miƙa masa bandiri, sa'an nan ga maukibi kowace shekara inda zai nuna abin da ya iya. Da yake bandiri yana da wurin koyo da lokacin koyo, bai rasa magada ba. Abin da kiɗan mata ke neman rasawa ke nan.

Ba a ce masana ba su yi ƙoƙari ba. Tun 1971 David Ames da Anthony King suka buga ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa, sassan Hausa na jami'o'inmu kuma sun yi nazarin waƙoƙin mata. Sai dai takarda tana adana suna ne kurum, ba ta koyar da hannu.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatun ilmi da hukumomin raya al'adu na jihohi su riƙa gayyatar dattijan matan da suka iya kiɗan nan zuwa makarantun 'yan mata, a ware musu sa'a guda a mako, a kuma biya su kamar sauran malamai. Ɗalibai kuwa, idan kun je hutu, ku zauna gaban kakanninku mata ku ɗauki kiɗansu a waya, ku kuma roƙe su su ɗora muku hannu a kan ƙwarya tun suna da rai. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.