Mabarata A Bakin Hanya: Mu Bayar Ko Mu Hana?

Tambayar nan ta sha tasowa a taron ƙungiyoyinmu na gama kai, musamman na Kudenda da Nasarawa da Kakuri, inda 'yan'uwa suke shiga kasuwa kusan kullum da kayan lambu. Manomi ya sayar da alayyafonsa da tumatirinsa, ya kama hanyar gida, kafin ya kai tasha mutum biyar ko shida sun miƙa masa hannu. Wani makaho ne da ɗan jagora, wata mace ce da goyo, waɗansu kuwa yara ne da robobi. To, ya bayar ne, ko ya ce Allah ya ba da haƙuri ya wuce?

Bakin 'yan'uwa bai zo ɗaya ba a kan wannan. Waɗansu sun ce bara ta zama sana'a, mai bayarwa kuwa shi ne yake raya ta. Waɗansu sun ce ba aikinmu ba ne mu binciki mai roƙo, namu dai mu bayar, Allah ya san zuciyar kowa. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Namu ganin shi ne, mai jin yunwa a ba shi ya ci yau. Amma kuɗin da ake jefawa cikin ƙoƙo ba ya ɗauke mutum daga bakin hanya. Abin da zai ɗauke shi yana hannunmu mu manoma, watau hatsi da gona da iri da dabba, in mun haɗa kai.

DAGA INA SUKA FITO?

Kafin mu yanke wa mutum hukunci, ya kamata mu san hanyar da ta kawo shi. Dattawan Kudenda suna tunawa da lokacin da kudancin Kaduna yake cike da ma'aikata. A 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, waɗansu masaƙu kuma suka biyo baya. Dubban magidanta suka baro ƙauyuka suka zo aiki. Masaƙar nan ta farko ta tsaya a 2002, babbar masaƙar UNTL kuma ta rufe a 2007. Mutumin da ya yi shekara ashirin a gaban injin, gonar gado ta riga ta fita hannunsa, ga tsufa ya zo, ina zai nufa? Waɗansu tsofaffi da gwauraye mata da muke gani a bakin hanya, daga nan labarinsu ya faro.

Hanya ta biyu ita ce rashin zaman lafiya. A shekarun nan 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da yawa a ƙasar Chikun da Kajuru da Birnin Gwari. Mutane suka gudo gari, suka bar rumbu da gona da dabbobi. Waɗannan manoma ne kamarmu. Sun san lokacin shuka, sun san huɗa, sun san banbancin ƙasar masara da ta dawa. Gona ce kawai ba su da ita.

Ga kuma tsadar rayuwa. A 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka tashi. A daminar shekarar nan kuma cuta ta faɗa wa citta a wajen Kachia da Jaba da Kagarko, gidaje da yawa suka yi hasarar abin da suka dogara a kai. Wanda yake da rumbu cike bana, bai san abin da baɗi za ta zo da shi ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

ABIN DA GWAMNATI TA GWADA

A ranar 7 ga Yuli 2015 bam ya tashi a sakatariyar Sabon Garin Zariya, ya kashe mutum fiye da 20. Bayan haka Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya hana bara da talla a titunan jihar, saboda tsaro. Makafi da guragu da kutare suka fito suka yi kuka, suka ce in an hana su bara, a nuna musu abin da za su ci. Gwamnati ta yi maganar koya musu sana'a a cibiyar gyaran naƙasassu da ke Kakuri. A 2016 hanin ya zama doka. A 2020 kuma, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka yi ta mai da almajirai jihohinsu.

Duk da haka, wanda ya bi hanyar baifas yau ya san bara ba ta ƙare ba. Ba mu faɗi wannan don mu ga laifin kowa ba. Darasin da ke ciki shi ne, doka tana iya korar mutum daga wannan mararraba zuwa waccan, amma ba ta cika masa ciki. Hanawa kaɗai ba ta isa ba. Haka nan kuma bayarwa kaɗai ba ta isa ba, gama shekara nawa ke nan muna bayarwa, mutanen kuwa suna nan inda muka saba ganinsu?

INA KUƊIN YAKE ZUWA?

Ba dukan masu miƙa hannu ne halinsu ɗaya ba. Tsohuwar da ba ta da kowa, abin da aka ba ta shi za ta ci da dare. Ita kam a ba ta, ba tare da dogon tunani ba. Amma yaron da aka turo, sau da yawa kuɗin ba ya kwana a hannunsa. Akwai babba a bayansa mai jiran abin da ya samo. In yaro yana kawo kuɗi kullum, wa zai sa shi makaranta ko ya kai shi koyon sana'a? Saboda haka yaro, ko almajiri ne ko ɗan gudun hijira, gara a ba shi abin da zai ci nan take: ƙosai, gyaɗa, dafaffiyar masara, ko sauran tuwo mai kyau. Dā can almajirai sukan yi wa malaminsu noma da damina su ci daga gonar. Manyan malaman Musulmi ma sun sha faɗa cewa yawon barar yara ba koyarwar addini ba ce.

Mu duba kuma makaho da ɗan jagoransa. Mutum biyu ke nan a bakin hanya, ɗaya ba ya gani, ɗaya kuma ana kashe masa gobensa. Dokar kare naƙasassu da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairu 2019 ta hana a yi amfani da naƙasasshe don neman sadaka. Wannan ya nuna akwai masu cin abinci da lalurar waɗansu. Ba za mu iya gane su daga tagar mota ba. Sai mun tsaya, mun gaisa, mun tambayi mutum sunansa da garinsu da inda yake kwana. Da yawansu a unguwanninmu suke haya, ko suna kwana a kangon da ba a gama gini ba. Wanda ka san ɗakinsa, ka san irin taimakon da ya dace da shi.

LALURAR DA KE DA MAGANI

Abin baƙin ciki shi ne, waɗansu suna bara da ciwon da likita zai iya warkarwa. Babbar mai kawo makanta a Nijeriya ita ce yanar ido, aikinta kuwa ba ya ɗaukar dogon lokaci, mutum ya sāke gani. Ga Asibitin Ido na Ƙasa nan cikin Kaduna, ga kuma Asibitin Ido na ECWA a Kano da yake aiki tun 1943. Kuturta ma tana warkewa. Ana shan maganin wata 6 zuwa 12, kyauta ake bayarwa, akwai kuma babbar cibiyarta a Saye kusa da Zariya. In an fara da wuri, yatsu ba za su gutsure ba.

Makantar bakin kogi, wadda wani ƙaramin baƙin ƙuda yake kawowa, ita ce ta makantar da tsofaffi da yawa a ƙauyukan jihar nan. Tun 1987 aka fara ba da maganin Mectizan kyauta, rabon da aka yi ta yi kuwa ya sa cutar ta ja baya ƙwarai. Wanda ya riga ya makance da ita ba zai sāke gani ba, amma hannunsa da hankalinsa suna nan. Makarantar makafi ta Gindiri, wadda aka buɗe a 1953, ta daɗe da nuna cewa makaho yana iya karatu, yana iya sana'a, yana iya riƙe gidansa. Kuɗin motar da zai kai mutum asibiti, da wanda zai raka shi, ya fi canjin da za a yi shekara ana jefa masa.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

A Littafin Firistoci sura 19, manoma aka umarta kada su girbe gona har gefe, kada kuma su koma kala, a bar wa matalauci da baƙo. Abin lura a nan shi ne, gona aka buɗe wa matalauci, ya shigo ya tattara da hannunsa, kamar yadda Rut ta yi a gonar Bo'aza. Kala ba baƙon abu ba ne a wurinmu, iyayenmu sun bar wa gwauraye kalar gyaɗa da ta dawa. Ga yadda muke gani ƙungiya za ta raya wannan hali a yau.

1. Rumbun taimako. Da kaka, kowane memba ya fid da tiya ɗaya daga kowane buhun da ya samu. Buhu yakan ci tiya wajen 40, don haka ba wanda zai ji a jikinsa. A ce ƙungiya tana da mutum 30, kowa ya sami buhu 10. An tara tiya 300 ke nan, watau buhu bakwai da rabi. Gida mai mutum shida yakan ci kamar tiya ɗaya a yini. Hatsin nan zai riƙe gida uku har kwana 100, daga Yuni zuwa fitowar sabuwar masara, lokacin da yunwa ta fi tura mutane bakin hanya. A zuba a buhun da ba ya shan iska, don kada ƙwari su riga mu.

2. Aron gona. Wanda yake da saura ko gefen fadama da bai noma ba, ya ara wa ɗan gudun hijira na damina biyu, a rubuta a gaban shaidu da mai unguwa domin kada rigima ta taso. Ƙungiya ta ba shi iri bashi, ya biya da kaka, a kuma yi masa gayya sau ɗaya. Kada a fara shi da masara zalla, gama tana cin taki. Wake da waken soya da dawa sun fi sauƙi ga wanda ba shi da jari.

3. Akuyar kiwo. A ba gwauruwa akuya. In ta haihu aka yaye, 'ya'yan nata ne, uwar kuma ta wuce gida na gaba. Fulani makiyaya sun daɗe suna yi wa junansu haka da shanu. Akuya takan haihu bayan wata biyar da ɗaukar ciki, sau da yawa kuma tagwaye. A yi mata allurar rigakafi kafin a miƙa ta.

4. Aikin da naƙasasshe zai iya. Ɓarar gyaɗa, ɓarzar masara, tufkar igiya, saƙar tabarma, tsaron shagon ƙungiya, riƙe littafin awo. Aikin da za mu biya wani ya yi, mu fara neman su, mu kuma biya su daidai da kowa.

5. Asusun asibiti. Daga baikon godiyar kaka a keɓe wani abu don kai marasa lafiya a duba su.

A zaɓi mutum uku su riƙe wannan aiki, ɗaya daga cikinsu ta zama daga zumuntar mata, gama mata sun fi mu sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba. Su riƙa ziyara, su rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, su karanta lissafin a taro. Amma kada a kira sunan wanda aka taimaka a gaban jama'a, domin mutuncinsa. Kada kuma a tambayi addininsa ko ƙabilarsa. Garin nan ya sha wuyar rarrabuwa tun rikicin shekarar 2000, yunwa kuwa ba ta san wannan ƙetare da wancan ƙetare ba.

“AI ZA A CUCE MU”

Wani zai ce za a sami masu cuta. Gaskiya ne, za a samu. Wani zai karɓi iri ya dafa, wani zai sayar da akuya ya koma bakin hanya, gama wanda ya daɗe yana bara, fartanya takan yi masa nauyi da fari. Amma a cikinmu ma akwai waɗanda suka ci bashin taki ba su biya a kan kari ba, ba mu kuwa rushe ƙungiya saboda su ba. Mun dai gyara ƙa'ida. Haka za mu yi a nan. A fara da gida biyu ko uku da aka sani, a bi su har shekara ta zagayo, sa'an nan a ƙara.

Wani kuma zai ce, mu ma talakawa ne. Hakika. Shi ya sa ba mu ce mutum ɗaya ya ɗauki nauyin ba, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In kowa ya lissafta canjin da yake rabawa a tasha cikin shekara, zai tarar ya fi kuɗin tiya goman da muke magana. Banbancin shi ne, wancan ya watse, wannan kuwa an tara shi wuri ɗaya ya tsai da gida.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka gamu da mai yunwa gobe a hanyar kasuwa, ka ba shi abin da ya sawwaƙa da sakin fuska. In ba ka da shi, ka sallame shi da magana mai daɗi, ban da tsawa. Amma ka tambayi sunansa da inda yake kwana, ka kawo wa ƙungiya labari. Masu iya magana sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, mutanen nan kuwa da yawansu gatarin ne ya suɓuce musu. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su sa maganar rumbun taimako cikin taronsu kafin a fara girbi, su kuma aiko mana da abin da suka yanke, domin sauran 'yan'uwa su ji su koya.