Lambar da Kwamfuta ta Nuna Ba Ita Ce Cutar Mota Ba

Yawancin motocin da ke zirga-zirga a Kano da Kaduna tokunbo ne daga Amurka da Turai, kuma kusan kowacce tana da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Amurka ce ta wajabta wannan tsari na OBD-II tun daga motocin 1996, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2001 ga masu shan fetur, a 2004 ga masu dizal. Don sa ido kan hayaƙi aka yi dokar, ba don sauƙaƙa wa bakanike aiki ba. Shi ya sa ƙwaƙwalwar mota abin da ta auna ya saɓa ƙa'ida kawai take faɗa, ba ta kama sunan abin da ya lalace. A wannan giɓin kuɗin masu mota ke zurarewa.

Lambar P0171 tana nufin iska ta fi fetur yawa a cikin injin. A garejin da ake gaggawa, sai a ce sensar salansa ce ta mutu, a tura yaro Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo wata, alhali sau da yawa sensar gaskiya ta faɗa. Wataƙila tiyo ne ya tsage yana zuƙar iska, ko ƙurar hunturu ta lulluɓe sensar da ke auna iska, ko famfon mai ya yi sanyi. Na'urar da ake jonawa a soket ɗin don karanta lambar tana iya raba gardama idan aka duba ma'aunin da take nunawa injin na aiki: in ƙarin man da ƙwaƙwalwa ke yi ya yi yawa a silo amma ya ragu da aka taka totur, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, in kuwa taka totur ya ƙara dagula shi, a nemi matsalar wajen mai. Haka P0301, wato silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai. A musanya kwayil ɗinta da na ta biyu; in lambar ta koma P0302, an kama mai laifi ba a kashe ko sisi ba.

Tsofaffin kanikawa za su ce sun shekara da shekaru suna gyara Fijo da kunne da hanci, me kwamfuta za ta koya musu? Suna da hujja, domin ƙarar biyarin ko ƙaurin kulochi ba sa fitowa a allo. Sai dai kunne ba ya jin sensar da take ba da amsa a makare, kuma injin zamani yana iya ɓoye ciwonsa, yana ƙara mai a asirce har aljihun direba ya gaya masa. Bakaniken da ya ƙi na'ura canki-canki yake yi; wanda ya sallama mata hankalinsa kuma dillalin kayan gyara ne kawai.

Masu mota su ma ba su fita ba. "A goge min kawai" ita ce buƙatar da ta fi arha a ranar, kuma fitilar gargaɗin injin takan dawo bayan 'yan tafiye-tafiye. Mafi hatsari shi ne ta riƙa ƙyaftawa: ɗanyen fetur ne ke gangarawa salansa yana narkar da matatar hayaƙi, wadda kanikawa ke kira indomi. Daga nan P0420, lambar gazawar matatar, ta fito, a sa sabuwa da tsada, ita ma ta bi 'yar'uwarta tunda ba a taɓa fulogi ko kwayil ɗin da ya jawo ba. Gogewar ma tana barin sawu, domin gwaje-gwajen da mota ke yi wa kanta sukan koma matsayin "ba a kammala ba" sai an yi tafiya mai ɗan nisa. Mai sayen tokunbo da ya ga haka a na'ura, ya tambayi dillali ko cire batir aka yi, ko kuwa wani abu aka share kafin zuwansa.